Baƙin Ɗigo A Gindin Kwalba

Zuwa ga Sarkin Ruwa, ƙanin kakana,

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa ce daga jikanka mara kunya zuwa ga tsohon da ya gudu ya bar mini tafkin wanka. Yaya jiki, yaya idon? Ina fata likita ya duba yanar nan ya ce abin cirewa ne. In ya tambayi shekarunka kada ka rage masa kamar yadda kake rage wa mai gadi. Gwaggo, na san ke ke karanta wa babanki, ki yi haƙuri da rubutuna. Allo na sani, wannan na boko a bakin shago na tsince shi.

Ni lafiyata lau, wayata ce ta riga mu gidan gaskiya. Na sunkuya zan ciro ganye ta zame daga aljihu ta yi wankan da ba ta tashi ba. Dama ku ma sai an hau tudu ake samunku, don haka direban da ke kai kaya wajenku ya ce zai riƙa kai mana takarda duk sanda ya bi ta nan.

Ɗakinka na bayan ɗakin inji yana nan yadda ka bar shi. A tabarma nake kwana, don gadonka warin man zafi yake har yau. Maigida ya sake faɗa a gabana cewa aikin naka ne, ni riƙo nake yi, kuma muddin ruwa na da kyau ba wanda zai taɓa maka wuri har ka dawo. Ina yin yadda ka koya mini: raga da safe, buroshi a bango, a tayar da inji, a cika kwandon nan mai yawo a kan ruwa da ƙwayar kulorin. Abu ɗaya na ƙara da ba ka koya mini ba. Na ɗaura wa tsohon bel ɗin inji zare na jefa a tafki ya kwanta kamar maciji, na kira mai gadi ya zo ya ga wani abu. Da na ja zaren, Kaka, ban san mai ƙiba na iya hawa kujera da ƙafa biyu lokaci guda ba. Rediyonsa ta bi wayata. Yanzu ba ya amsa gaisuwata, kuma ya kai ƙarata. Maigida ya kalle ni sama da ƙasa ya ce ashe ni ne ɗan wasan da aka kawo masa.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ruwan ya daina ƙyalli. Bai ɓaci ba, amma ya yi kamar idon wanda bai yi barci ba, kuma tayil ɗin matakala ya fara santsi. Na gwada kulorin, launin rawayan gwajin ya fito daidai. Da na je ɗauko ƙwaya na gaya wa mai shago, sai ya tambaye ni yaushe rabon da a gwada sitabilaiza. Na ce ban san shi ba, ɗan wane gida ne. Ya ce wani sinadari ne da ke yi wa kulorin laima don kada rana ta cinye shi, kaɗan ake so, kuma akwai kwalbar gwada shi a ɗakin inji, shi ya sayar maka da hannunsa. Na same ta a bayan gwangwanaye ta sha ƙura, siririya mai baƙin ɗigo a gindi.

Na yi yadda ya ce. Rabi ruwan tafki, rabi ruwan gwajin, na girgiza har ya yi fari, na juya wa rana baya, na riƙe kwalbar daidai ƙuguna ina ɗigawa ina kallon ɗigon daga sama. Ya ce in ruwa lafiya yake sai kwalba ta haura rabi kafin ɗigon ya ɓace. Kaka, ko layin farko ban kai ba ɗigon ya yi layar zana. Na wanke na sake, haka dai. Kai ne ka san halin ruwan nan. Me ake yi?

Jikanka,
Tsinke

*

Zuwa ga Tsinke, ja'irin gidan yayana,

Bayan gaisuwa, mun gode Allah, jiki da sauƙi. Likita ya ce sai hawan jini ya sauka kafin a taɓa idon. Muna jira.

Takardarka ta zo. Gwaggonka ta yi dariyar mai gadi har da hawaye, ni ma na yi. Da ta kai ƙarshe ban yi ba. Wasan jika da kaka ba wanda ya hana, amma akwai gyambon da ba a taɓawa. Wa ya ba ka labarin ɗigo? Na san mai gadi ne, don shi kaɗai na gaya wa. Ɗigon nan shi ya fara sanar da ni idona ya kama hanya. Da can sai na cika kwalba ina ganinsa. Sai ya fara ɓacewa da wuri, kowace shekara ya ƙara sauri, har na gane ba laifinsa ba ne, nawa idon ne, na jefa kwalbar bayan gwangwani don na gaji da ganin abin da ke faɗa mini gaskiya. Yanzu kai mai ido kamar na shaho ka zo kana kwaikwayona. Madalla. Allah ya kai ka shekaruna.

In da gaske ruwan ya dushe, ka ninka ƙwaya, ka wanke tankin yashi mai tace ruwan, ka bar inji ya daɗe yana aiki. Mai shago kuwa ɗan kasuwa ne, in ka biye masa sai ya sayar maka da ruwan sama. Kuma ka ji da kyau, in ya ce a zubar da ruwa kada ka yarda. Na ga na maƙwabta da aka kwashe, rana ta dafa tayil, ya tsage tun daga wannan baki har wancan. Tun da na kama aikin gidan nan ban taɓa bari an ga gindin tafkin nan a bushe ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ko da babban makaho ne.

Ka je ka ba mai gadi haƙuri. Ka rabu da gadona.

Kakanka, da hannun Gwaggonka

*

Zuwa ga Kaka,

Ina gaisuwa, ina yi maka ya jiki. Allah ya sauko da jinin nan, ya sa a yi aiki a sa'a.

Kaka, wallahi tallahi mai gadi bai gaya mini komai ba, mutumin da ko sannu ba ya ce mini. Ban san labarin idonka da ɗigo ba sai a takardarka, kuma da na karanta sai da na zauna a bakin tafki. Ni na san bakina ba linzami, amma ban kai nan ba.

Don kada ka ce idona ne ko sharrina, na nemi shaida. Na kai wa mai gadi kwalbar na ce ya leƙa, ya ja da baya ya ce shi ba zai sa ido a abin da zai fesa masa wani abu ba. Direba ne ya yarda ya leƙa. Ka tambaye shi da ya miƙa muku wannan, shi ma ɗigon ɓace masa ya yi nan take. Mai shago ya ce in surka ruwan tafkin da na famfo rabi da rabi in sake, na yi, duk da haka bai yi nisa ba ya ɓace.

Na kuma bi maganarka, na ninka ƙwaya, na wanke tankin yashi. Yau gansakuka ta kama kusurwar da ke wajen itacen nan, ruwan ya fara kore. Ruwa ba ya tsami banza. Ga yadda mai shago ya warware mini. Wai kowace ƙwaya da nata guntun laimar a ciki. Kulorin ya yi aikinsa ya tafi, ita laimar ba ta tafiya, rana ba ta shanye ta, yashi ba ya tace ta. Shekara da shekaru tana taruwa, har ta yi kaurin da kulorin ke kwance a ƙarƙashi yana minshari. Shi ya sa gwaji ke cewa yana nan alhali ba ya kashe komai. Kowace ƙwaya na ƙara, ƙara masa bargo nake yi. Na ce ya ba ni maganin cire ta, ya ce da akwai da shi ne zai fara sayar mini. Sai dai a rage ruwan fiye da rabi a kawo tanka a cika da sabo. Ba duka za a kwashe ba, Kaka, gindin ba zai bushe ba.

Na je wa Maigida da zancen yana shirin shiga mota. Na sa fuskar da malam ke so ranar tilawa, na yi bayani tiryan-tiryan. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaya ko wannan ma akwai zare a jikinsa. Na rantse. Sai ya ce:

"Tsoho ya daɗe a gidan nan bai taɓa ce mini a zubar da ko bokiti ba. Kai da ka zo jiya ka ce in zubar da rabin tafki? In shi ya ce a yi, a yi."

Ya gwada lambar Gwaggo sau ɗaya ba ta shiga ba, kuma ka san shi ba ya kira sau biyu. Jikokinsa na zuwa hutu nan kusa, saboda su yake riƙe da tafkin nan.

Layi ɗaya nake roƙo. Ka sa Gwaggo ta rubuta cewa ka yarda a rage ruwa, ka dangwala yatsa. Shi ke nan, wurinka ya tsira.

Akwai kuma wani abu da nake ta juyawa a raina. In ɗigon ya ɓace mini, ya ɓace wa direba, to wataƙila a lokacin nan ba idonka ne ya fara ba, ruwan ne. Wataƙila idon bai kai yadda kake tsoro ba. Ka warke ka dawo ka karɓi gadonka, kuɗin cizon da ke ciki sun ce jinina bai kai naka daɗi ba.

Jikanka,
Tsinke

*

Kaka,

Gaisuwa. Yaya jiki? Shiru har yanzu. An ce motar direba na gareji, ban sani ba ko takardata ta iso ko tana kwance a ƙarƙashin kujera. Wannan zan bar ta wajen yaron motar, duk wadda ta riga.

Ruwan ya zama kore shar. In na sa raga ba na ganin bakinta. Kwaɗi sun tare, ina kwashe su a bokiti in kai kwata su dawo da 'yan uwansu.

Na yi wauta, gara ka ji daga bakina. Da na ga amsa ba ta zo ba sai na ce bari in rage da kaina kaɗan-kaɗan in riƙa cikawa da famfon gida, ba wanda zai lura. Na buɗe bututun wanke tanki na bar shi yana zuba. Ashe waje yake fita. Koren ruwa ya malale titi har ƙofar maƙwabta, matar gidan ta aiko a tambaya ko masai ne ya fashe. Famfon gida kuwa ɗigo yake kamar hancin mai mura, ya wuni bai mayar da faɗin yatsa biyu ba. Ruwa ya sauka ƙasa da bakin da inji ke sha, inji ya shaƙi iska ya fara tari, dole na kashe shi. Na gudu gara na faɗa gidan zago. Maigida bai yi faɗa da yawa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi ashe in ya hana abu, ni a wurina izini ne.

Jikokin sun iso. Sun fito da gudu da robobinsu na iyo a wuya, suka yi cirko-cirko a bakin tafki. Ƙaramar ta tambaye ni wa ya zuba ganye a ciki. Uwarsu ta ja su ciki.

Na yi tunanin in rubuta layin da kaina in ce kai ne. Ba tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba, duk takardar da ta zo ta hannun mai gadi take bi, kuma ƙirga su yake yi da ido. Kullum Maigida zai fita sai ya sauke gilashi ya ce tsoho ya amsa? In ce tukuna. Jiya bai sauke ba. Na ga wata farar mota mai hoton tafki a jiki ta tsaya a ƙofa, mai ita ya ba mai gadi kati.

Ba wasa a wannan takardar, ka sa Gwaggo ta duba ta gaba da baya. Layin nan nake jira.

Tsinke

*

Zuwa ga Tsinke,

Bayan gaisuwa, ina sanar da kai an yi aikin ido, mun gode Allah. An cire bandeji, ina ganin haske, ina gane inda taga take. Sauran a hankali zai zo.

Takardunka biyu tare suka iso. Na ji labarin kwaɗi da 'yan uwansu, da matar maƙwabta, da inji mai tari. Ka iya tsara zance, wannan ba a ƙwace maka ba, a wajen kakanka ka gada. Direba ya ce shi ma bai ga ɗigo ba, na ce nawa ne kuɗin shayinsa. Ka ce ba wasa a takardar. Ranar da ka zo mini da fuska a murtuke ka ce ɓarawo ya shiga ɗakina, na fito da taɓarya na tarar da kazar maƙwabta, ita ma cewa ka yi ba wasa.

Abin da ya yi mini zafi shi ne da ka ce wai idona lafiya yake, ruwa ne. Mutum na kwance an yanka masa ido kana ce masa ƙila mafarki yake. Na yafe maka don yaro ne kai.

Ba zan sa yatsana a zubar da ruwan da na raina kamar ɗa ba, ban gan shi da idona ba. In ya yi kore ka ƙara ƙwaya ka yi ta gogewa. Ka gaya wa Maigida ina gaishe shi, ya ƙara haƙuri, da likita ya sallame ni zan biyo direba in zo in gyara abina.

Kakanka

Tsinke, Gwaggonka ce, wannan ni ke magana, bai san na ƙara ba. Ni na yarda da kai. Tun da nake karanta rubutunka ban taɓa ganin wanda ya ƙare ba tsiya a gindinsa ba sai na ƙarshen nan. Na gaya masa, ya ce ai nan ne gwanintarka take. Game da ido kuwa, an cire yanar, amma likita ya kira ni gefe ya ce jijiyar ta riga ta mutu, hasken taga shi ne iyakar abin da zai samu. Ban gaya masa ba. Zancen komawa aikin nan ne kaɗai ke sa shi cin abinci, kullum sai ya sa na goge masa takalma. Na rubuta layin da kake so a wata 'yar takarda daban, na dangwala yatsansa na ce masa ta asibiti ce. Allah ya yafe mini. Ka kai wa Maigida, ko wurin zai tsaya a hannunka da sunansa.

*

Zuwa ga Gwaggo, ke kaɗai,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jinya. Allah ya ba da lada. Wannan kada ki karanta masa, ki fita waje da ita.

'Yar takardarki ta zo, amma ihu ne bayan hari. Masu farar motar sun riga ta. Sun zo su uku da kaya iri ɗaya, babbansu ya ciro kwalba irin tamu ya ɗiga ruwa, ya miƙa wa Maigida ya ce ya leƙa da kansa. Maigida ya leƙa, ya gyaɗa kai. Ina tsaye da raga a hannu, ba wanda ya waiwayo. Suka sa injinsu suka janye fiye da rabin ruwan, tankoki suka yi ta shigowa. Tayil ko ɗaya bai tsage ba. Yaran sun samu sun yi wanka kafin su koma.

Duk da haka na kai masa takardar, don kada wahalarki ta tafi a banza. Ya karanta a tsaye, ya daɗe yana kallon yatsan, ya ninke ya miƙo mini. Ya ce tsoho mutumin kirki ne, Allah ya ba shi lafiya, amma ya riga ya sa hannu da kamfanin, su za su riƙa zuwa duk mako, kuma ɗakin baya suke so su ajiye durom-durom ɗinsu. Na ce ko shara ce a bar mini da sunan Kaka. Ya ce akwai mai shara. Bai ɗaga murya ba, har ya ce a gaida ke.

Mai gadi ne ya taya ni ɗaure kaya. Da ya ɗaga katifa sai ya tsaya ya ce shi da tsoho sun sha shayi a kanta ba iyaka. Akwati ne ɗaya, da katifar, da buta, da wani madubi. Na ba direba, na roƙe shi kada ya sauke a ƙofarku, ya kai gidan ƙawarki na bayan layi, don Kaka zai gane ƙarar akwatinsa ko a cikin kasuwa ne. Gadon na gidan ne, ya tsaya.

Ni kada ki damu da ni. Mai shago ya ce in riƙa sauke masa kaya in kwana a barandarsa kafin Allah ya kawo wani abu. Na yi ta lissafin inda abin ya karkace, ko bel ɗin ne, ko kazar, ko bututun. Na gaji na bari, duk hanyar da na bi gida ɗaya take kai ni.

In ya tambaya me na rubuto, ki ce na ce ruwa ya yi garau, ana ganin tayil ɗin ƙasa tun daga baki. Ba ƙarya ba ce. Sauran ke kika san ranar da zai iya ɗauka, kuma daga bakinki ya kamata ya ji. In ni na faɗa, dariya zai yi ya ce ki miƙo masa takalmansa.

Ɗanki,
Tsinke